Ɗan riƙonmu ya fara tambayar asalinsa, ina za mu sami tallafi?

'Yar'uwa, kin ce yaron da kuka karɓa tun yana jariri ya kai shekara 13, yana yawan tambayar waɗanda suka haife shi, kuma ya rage hira da ku.

Ki kwantar da hankalinki, wannan ba butulci ba ne. Yana neman sanin kansa ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ma ta amince yaro ya san iyayensa gwargwadon hali.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne zama da wasu iyayen riƙo. Ki tambayi hukumar da ta ba ku shi ko akwai irin wannan taron. Taron yaran riƙo su kansu ya fi muhimmanci a ganina, domin a cikinsu ba sai ɗanku ya yi wa kowa bayanin kansa ba. Ku haɗa masa kundin hotuna da labarin rayuwarsa, tare da shi.

Kada ki ɓoye gaskiya, kada ki aibata iyayensa, kada a goranta masa.

In ya daina barci ko ya ambaci cutar da kansa, ku ga likitan ƙwaƙwalwar yara nan take. Neman danginsa kuma ya bi ta hannun jami'an jin daɗin jama'a, ba ta Facebook ba.