Tsakiyar idon mahaifiyata ta dushe, ni ma haka zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni direban babbar mota ne, shekarata 51, ina zaune a Funtuwa. Shekara uku ke nan mahaifiyata ba ta iya karanta Alƙur'aninta, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Idan na shigo tana ganin hulata da rigata, amma ta ce fuskata kamar an shafa toka. A asibiti an ce ba yanar ido ba ce, tsakiyar idon ce ta lalace saboda tsufa. Ni ma da aka duba ni, an ce an ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa a bayan idona. Ina shan sigari tun ina saurayi. Gado ne? Akwai maganin da zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da kula da ita.

A can bayan ido akwai wani fefe siriri da haske ke sauka a kansa. Tsakiyarsa ɗan wuri ne da bai fi ƙwayar gero biyu ko uku ba, likitoci na ce masa makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi kake karanta lambar motar da ke gabanka. Shi ya lalace wa Hajiya, shi ya sa gefe-gefe ya rage mata. Wannan ciwon ba kasafai yake kai mutum ga duhu gaba ɗaya ba, ka faɗa mata wannan, domin na ga tsofaffi da yawa tsoron makanta ya fi ciwon kansa cinye su.

Ɗigon da aka gani a idonka tarin datti ne na kitse da furotin, kuma alamar matakin farko ce. Mutane da dama suna rayuwa da su shekaru, ganinsu garau.

Maganar gado gaskiya ce. A shekarar 2005 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani canji a ƙwayar gado mai suna CFH, wadda aikinta kwantar da garkuwar jiki don kada ta afka wa jikin kanta, yana ƙara haɗarin wannan ciwo sosai. Daga baya aka gano wata, ARMS2, kuma zuwa 2016 an lissafa wurare 34 a ƙwayoyin gado da ke da hannu. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon ya fi waninsa kusa da shi. Sai dai ciwon ya fi yawa a Turawa. A Najeriya yanar ido da hawan jinin ido su ne suka fi makantar da mutane. Ban ba ka shawarar neman gwajin ƙwayoyin gado ba, ko sakamakon ya ce mene ne, abin da zan ce ka yi bai canza ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne sigari. Cikin duk abin da ke hannun mutum, babu wanda ya kai ta ɓarna ga makula. Mai shanta yana da haɗarin ninki biyu zuwa uku ko fiye, kuma idan ta haɗu da gado abin ya fi muni. Na san tuƙin dare daga Legas zuwa Arewa, na san kara ɗaya da shayi mai kauri ke riƙe da yawancinku. Amma Malam, idonka ne jarinka. Ka bar ta, ka bar shisha ma in kana taɓawa. Haɗarin yana sauka a hankali bayan an daina, shekara da shekaru, don haka yau ta fi baɗi.

Ka riƙa auna hawan jini, ka rage teɓa idan akwai. A tasha ka nemi kwaɗon zogale ko rama, miyar alayyahu, ƙwai da kifi, maimakon soye-soye kullum. Ganyen kore na ɗauke da sinadaran da makula ke tarawa don kare kanta.

Game da magani: akwai haɗin bitamin da wani babban bincike a Amurka, AREDS, ya nuna a 2001 cewa yana rage tsanantar ciwon da kusan kashi 25 cikin 100, amma ga waɗanda suka kai matsakaicin mataki. Ga mai matakin farko ba a ga amfaninsa ba. Kuma wannan haɗin na 2001 yana da sinadarin beta-karotin da ke ƙara wa masu shan sigari haɗarin kansar huhu. Kada ka saya a kemis da kanka.

Ga abin da za ka yi duk mako: ka tsaya gaban ƙarfen taga, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka kalli tsakiya, sannan ka canza. Idan layi miƙaƙƙe ya lanƙwashe, ko wani wuri ya ɓace, kada ka jira ƙarshen wata. Wannan kan nuna jijiyoyin jini sun fara yoyo a ƙarƙashin makula, kuma akwai allurar da ake yi a ido da ke tsayar da shi idan an zo da wuri. Kaduna ba ta yi maka nisa ba, akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. Ka tafi da Hajiya, ka tambaya mata gilashin ƙara girman rubutu, ka sa mata fitila mai haske a inda take karatu.