Kaye, kundi ko tarihi? Amsa ga wata ɗiya daga Tawa

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Tawa, ta ce bayan rasuwar kakansu suna kwashe kaya sai suka iske kaye huɗu cikin akwatin ƙarfe, kullum layi ɗaya ko biyu, rabi ajami rabi boko, irin su "ruwa ya sauka da la'asar, an yi shibka" ko "tiyar hatsi ta hau". Tana tambayar sunan wannan abu da Hausa. Kuma wai ta so fara nata, gwaggonta ta ce mata kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

To ɗiyata, kaye dai aron Faransanci ne, lakwal ta kawo muna shi tare da bik, kuma sunan takardun ne kawai ko da babu komi a ciki. Abin da kakanku ya bari ni kundi zan ce mishi. Kundi asali tarin warwarar takardun malami ne da yake adanawa cikin gafaka, laƙani da addu'o'i da abin da ya ji wurin malaminshi, kuma sau da yawa a gefen takarda za ki ga an sa ranar da aka haifi wane ko ranar da wance ta rasu, to kin ga al'adar ba baƙuwa ba ce, ta riga boko zuwa. Daga nan ne kalmar ta faɗaɗa har muke cewa kundin tsarin mulki.

Amma wadda ta fi birge ni ita ce tarihi. A Larabcin da muka aro ta, ma'anarta ta farko sanya kwanan wata ga abu, labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe daga baya ne ya biyo. Kenan tsoho da ya zauna bayan isha ya rubuta rana da wata da kuɗin hatsi, tarihi ya yi na ainihi, ko layi guda ne. Takarda kuma ta hannun Buzaye ta shigo muna, maƙwabtanku nan Azawak, tawada ko a Larabci sunan kwalbar ne, mu muka mai da shi sunan ruwan.

Batun gwaggo, Allah ya ja kwananta, karin maganar gaskiya ce amma ba nan ne wurinta ba. Ba hani ba ne. Ana faɗinta in an ji mutum ya cika yabon jiya, sai a gane yau ce ba ta mishi daɗi, kamar ɗan kasuwar da kullum zancenshi kafin faɗuwar darajar sefa ta 1994. Mai rubuta layi biyu kafin ya kwanta ai bana yake rubutawa. In kina son mayar mata da amsa cikin ladabi, waiwaye adon tafiya ta ishe ki.

Wata alfarma nike nema. Ki duba kayen 1984 in akwai, shekarar fari da Najeriya ta rufe iyaka, wadda mutane suka laƙaba ma El Buhari. Ina son sanin ko da wannan suna kaka ya rubuta ta tun lokacin, ko dai wani suna Adarawa suke kiranta da shi a gida. Ki ɗauko hoton shafin da waya, kar ki jiƙa yatsa da miyau wurin buɗewa, tawadar zuge ba ta son laima.