Amsa kan katakon da ya dace da teburin tankin kifi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka sayi tankin kifi na gilashi mai tsawon ƙafa huɗu, kana zaune a Samaru, kafintanka ya ce katakon obeche tu-bai-tu, wato mai inci biyu a kauri da inci biyu a faɗi, ya wadatar wajen haɗa teburin da za a ɗora shi, wani kuma ya ce in ba mahogani ba kada ma ka fara. Na daɗe ina ajiye kifin ado a Tudun Wada, kuma duk teburan da tankunana ke kai ni na tsaya a kan sayen katakonsu, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Mu fara da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In tankinka santimita 120 ne a tsawo, 45 a faɗi, 45 a zurfi, zai ci kusan lita 240. Gilashin kansa, in mai kaurin milimita 10 ne, ya kai kilo 50. Ka zuba yashi da duwatsu, ka haura kilo 300. Buhun siminti shida ke nan da ɗoriya, kuma ba sauke shi za a yi ba, dare da rana, shekara da shekaru. Wannan kaɗai ya isa ka cire obeche tu-bai-tu daga lissafi. Obeche katako ne mara nauyi, mai taushi, ƙusa ba ta kama shi sosai, gara da ƙwari kuma suna son shi. Yana da amfaninsa wajen sili da firam, amma ba nan ba.

Sai dai a nan Zariya ban cika ganin nauyi ya karya tebur ba. Murɗewar katako ce ke kashe tanki. Yawancin katakon da ke kasuwarmu daga kudu ake kawo shi, wani ko wata bai yi da sarewa ba, cike yake da ruwa. Kafinta ya yanka, ya haɗa, ya goge, tebur ya fito tsaf. Daga Nuwamba hunturu ya shigo, iska ta bushe ƙayau, katakon ya fara zubar da ruwansa, ya tsuke, ya gantsare, kusurwa ɗaya ta ɗaga da ɗan abin da ido ba ya gani. Kujera ko gado ba ruwansu da wannan. Gilashi kuwa ba ya lanƙwasa. Ko dai gam ɗin da ya haɗa gilasan ya buɗe ruwa ya fara tsattsafowa, ko gindin tankin ya tsage. Na ga haka a gidan wani abokina: an yi masa teburin da marka, da jan katako mai tsada, kafin ƙarshen Janairu ruwa ya malale masa ɗaki. Katakon mai kyau ne, ɗanye ne kawai.

Saboda haka tambayar farko a 'Yan Katako da ke Sabon Gari ita ce: yaushe wannan kayan ya sauka? Kowa zai ce maka busasshe ne, to kai ka gwada da kanka. Ɗaga guda biyu iri ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi ruwa. Ka sa a yanke maka ɗan baki ka taɓa cikin, in da sanyi-sanyi bai bushe ba. Sannan ka ɗora ido a baki ɗaya ka hango tsawonsa, duk wanda ya karkace ko ya murɗe ka ajiye, kada a ce maka inji zai gyara. Ka guji mai manyan ƙulli, da wanda cibiyar itacen ta ratsa ta cikinsa, shi ya fi saurin darewa, da mai ƙananan huji da gari ke zubowa. Farin gefen nan na kusa da ɓawo ma ka rage shi, ko a iroko ne gara na cin sa. Ka tafi da tef, don abin da ake kira tu-bai-fo, wato inci biyu da inci huɗu, sau da yawa bai cika ba, ga abin da inji zai ci wajen gogewa.

Ko ka gamsu, kada a yanka ranar da ka saya. Jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi, ka danne sama da bulo, ka shafa fenti a bakunan don kada su tsage. Ka ware guda ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya yi. Ni na fi son in saya a ƙarshen damina, a haɗa bayan hunturu ya gama da shi. Kifin bai zo ba tukuna, saurin me ake yi?

Batun iri kuma. In aljihu zai ɗauka, iroko ne zaɓina: yana da ƙarfi, yana jure danshi, gara ba ta cika damun cikinsa ba, kuma in ya bushe ba ya yawan motsi. Ƙurarsa dai tana sa tari da ƙaiƙayi, kafinta ya rufe hanci. Katakon kawo ya fi shi nauyi da tauri, zama daram ne da shi, sai dai sai an huda kafin a ɗaura sukuru. Mahogani na gaske, dangin maɗacin nan namu, shi ma ya yi, matsalar ita ce duk jan katako a kasuwa mahogani ake ce masa, sai ka je da wanda ya san shi. In kuɗi sun yi ƙasa, malaina tu-bai-fo za ta ɗauki tankin nan. Tana da jinkirin bushewa ƙwarai, amma in ta bushe ba ta cika murɗewa ba. Itacen turare kam ban ba ka shawara ba, ya cika tsagewa. Allunan garin katako da ake yin kabad na zamani da su kuwa, ruwa kaɗan ya taɓa su sun kumbura, tankin kifi kuma ba ya rabuwa da ɗigon ruwa.

Ka tsaya a kan kafinta wajen haɗi, don nan ma ana asara. Firam ɗin sama ya zauna a kan ƙafafu kai tsaye, katako bisa katako, har ƙasa. Kada a manna shi a gefen ƙafa a ce ƙusa ce za ta riƙe kilo 300. A sa gam da sukuru, a ƙara ƙafa biyu a tsakiya, a yi wani firam a ƙasa. Bayan teburin a rufe shi da filawud, shi ke hana shi rangaji in yaro ya jingina. Sama kuma filawud mai kaurin milimita 18, a shimfiɗa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji kafin a ɗora tankin.

Maganin gara a shafa shi a waje, ya bushe sarai har warin ya fita, sannan a bi da banish ko fentin mai ta kowane gefe, har ƙarƙashin ƙafafu. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kada ya kusanci wurin, hannunka zai taɓa teburin ya shiga ruwan kifi. Ƙafafun ka sa musu roba a ƙasa saboda ruwan goge ɗaki.

Ranar ɗorawa, sa lebur, ma'aunin daidaito irin na magina, ta tsawo da ta faɗi, don daɓen ɗakunanmu ba kasafai yake daidai ba. In da gyara, a ƙarƙashin ƙafar tebur ake cusa abu, ba a ƙarƙashin gilashi ba. Zuba ruwa zuwa rabi, ka duba ko nisan ruwan da bakin tanki ɗaya ne a kusurwa huɗun. In ɗaya ne ka cika, ka bar shi kwana biyu ko uku kana dubawa kafin ka kawo kifi.