Amsa ga ɗan'uwan da yake tunanin ajiye aikin bishara

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Ka ce shekara huɗu kana kiwon wata ƙaramar ikilisiya a Sabon Tasha, mutane suna ta raguwa, dattawa sun juya maka baya, har kana tambaya ko Ubangiji ne bai kira ka ba.

A ganina, ƙin da mutane suke yi maka ba shi ne ma'aunin kira ba. Annabi Irmiya ya yi kusan shekara 40 yana gargaɗi a Urushalima, aka doke shi, aka jefa shi rijiya mai laka, amma bai rufe baki ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. Fasto James Wuye na nan Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin addini na 1992. Duk da haka, a 1995 ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa suka soma aikin sulhu tsakanin Kirista da Musulmi. Wasu daga cikin namu sun ɗauke shi maci amana, kuma ka san zafin wannan ya fi na zagin bare. Ya daure. A 2002 suna cikin waɗanda suka tsaya har shugabannin addinan biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna.

Sai dai kada ka ɗauki nauyin nan kai kaɗai. Ka nemi wani babban fasto ka buɗe masa cikinka. Ka bi waɗanda suka daina zuwa gida gida, ka saurare su, wataƙila akwai gyara a wurinka ma. Ina sa ka a addu'a, kai da uwargida.