Abin da Muke Ci a Zangon Kumasi

'Yar kawu, na ga tambayarki, kuma na san da tsokana a cikinta, ai tsakanin taubasai ba a rasa wannan. Kin ce wai mu mutanen Gana mun yar da tuwo mun koma haɗiyar rogo, kuma in faɗa miki tsakani da Allah wanne muka fi so, abincin gida ko na masu ƙasa. To tuwo yana nan, ba mu yar ba. Sai dai a zango ba kasafai ake damuwa da ko abinci na wace ƙabila ne ba. Abin da uwa za ta tambayi ɗanta in ya shigo da ƙunshi a hannu shi ne a wurin wa ya saya, kuma wa ya yanka naman. In amsar ta kwanta mata, sai a kawo faranti.

Ki fara da ƙasar kanta. Kakanninmu fataken goro ne, masu bin hanyar Gwanja da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu zuwa kasuwar Salaga su koma da goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu suka gangaro Kumasi da Akra. Nan suka tarar da kurmi, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ƙasar da gero ba ya so. Abin da take bayarwa rogo ne da agade da gwaza da masara da manja. Shanu ma ba su jure mata sosai saboda ƙudan tsando, shi ya sa har gobe yawancin waɗanda ake yankawa a Kumasi daga arewacin ƙasar da Burkina Faso ake loda su. Wanda ya ce sai tuwon dawa da man shanu zai ci kullum a irin wannan wuri, zai sha yunwa. Kuma zangon ba namu ne mu kaɗai ba. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango akwai Mosawa da Zabarmawa da Dagwambawa da Yarbawa da Fulani da Kotokoli na Togo, gida ɗaya mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, murhu kusa da murhu. Hausa ce ta haɗa bakinmu. In maƙwabciya ta sauke tukunya dole ta zuba wa yaranki, ke ma gobe ki rama, a haka kowa ya koyi cin na kowa.

Safiya dai tamu ce, wannan ba gardama. Duk faɗin Gana, Kirista da Musulmi, ma'aikacin banki da direban mota, layi suke yi gaban mai koko. Kokon gero ne, an jiƙa an markaɗa da citta da kanumfari da barkono, an tace an bar shi ya kwana ya yi ɗan tsami, yana da yaji fiye da wanda kuka saba. Ana sha da ƙosai, wani ya ƙara gyaɗa soyayya da madarar gwangwani. Da dare kuma mai tsire ne ke riƙe da bakin titi, da yajinsa na ƙuli-ƙuli.

Amma wanda ya fi kowa yin suna shi ne waakye, kuma a nan zan daɗe, don in kin ji an ce shinkafa da wake za ki ɗauka garau-garau ne ki taɓe baki. Ana jiƙa wake, a ɗora shi da busasshen ganyen karan dafi da 'yar kanwa. Ruwan sai ya rine ya yi ja mai duhu, a tsame ganyen, a zuba shinkafa a cikin wannan ruwan su dahu tare. Mai sayarwa tun kafin asuba take tashi, ta juye shi a babbar roba ko kwando ta lulluɓe don kada zafin ya fita. In kin zo sai ta shimfiɗa faffaɗan ganye kore a tafin hannunta, ta ɗebo waakye ta zuba, sannan ta dube ki, ke za ki faɗi abin da za a ɗora. Akwai taliya, akwai garin rogo da aka murza da mai har ya yi ja, dafaffen ƙwai, ganda da ta sha wuta ta yi laushi, soyayyen kifi ko nama, agade soyayye, sai miyar tumatir a gefe ɗaya, shito a ɗaya gefen. Shi shito baƙin yaji ne na mutanen Ga na bakin teku, barkono da albasa da citta da garin busasshen kifi da jatan lande, a soya cikin mai a hankali har ya yi baƙi. Yana makonni bai lalace ba, shi ya sa duk yaron da za shi makarantar kwana sai an cusa masa kwalba guda a akwati tare da garin rogo. Ki lura, shinkafa da waken daga arewa suka zo, shito daga bakin teku, garin rogo daga kudu, taliya ta Turawa, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan kwamacala ce. Masu sayar da shi a leda sun yi yawa yanzu, ni dai in ba a ganye ba ban ji na ci ba, zafin abincin yana fito da wani ƙamshi daga ganyen da leda ba ta da shi.

Tuwonmu kuwa ya sauya jiki. Tuwo zafi ake ce masa, garin masara ne ake yin talge da shi, a tuƙa, a ƙara garin rogo don ya yi danƙo. Yana da laushi ƙwarai, ba ya yin malmala mai tsayuwa irin taku, da mara ake kwasowa a zuba a kwano a ci nan take. Miyarsa biyu a kwano ɗaya: ayoyo mai yauƙi da daddawa da garin kifi, a kanta kuma a zuba jar miya da nama ko kayan ciki. Kuka da busasshiyar kuɓewa muna samu a kasuwa, daga arewa ake kawowa. Masarmu ta gero ce ko ta masara, da sukari ake ci ko a haɗa da koko, in na ce a kawo miyar taushe a zuba mata sai yara su yi ta kallona. Funkaso ma da sukari. Fura tana nan, amma da yake nono ba ya wadata, da yawa da madarar gwangwani ake damawa, a watsa gyaɗa. Na san nan za ki yi dariya, yi abinki.

Sai abin da muka tarar muka karɓa. Na farko dokunu, wanda wasu ke kira kenke. Ƙullin masara ne da aka bari kwanaki ya yi tsami, a raba shi, a dafa kashi ɗaya ya yi kauri, a cuɗa da ɗanyen, a dunƙula a naɗe a dafa na sa'o'i. Na mutanen Ga da ɓawon masara ake naɗewa kuma da gishiri, na Fante da ganyen agade, ya fi tsami, ya kuma fi daɗewa bai lalace ba. Ba miya ake yi masa ba, ɗanyen barkono da tumatir da albasa ake niƙawa a kasko mai zane a ciki, a kawo soyayyen kifi, a sa hannu. Banku ɗan'uwansa ne, ƙullin masara da na rogo ake tuƙawa, a ci da miyar kuɓewa ko gasasshiyar karfasa. Baƙo daga Kano ranar farko yakan ce abincin ya lalace, tsamin ne bai saba ba. Ki tambayi Kawu. A nan aka haife shi, sai a 1969 da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, ya bi ayarin masu komawa. Ki ambaci dokunu da kifi a gabansa ki ga yadda fuskarsa za ta yi, sannan ki zo mu ci gaba da maganar wa ya yar da tuwo.

Fufu shi ne sarki a wurin Asantawa, mutuminsu in bai ci shi ba yakan ce yau bai ci abinci ba, ko da ya cika ciki da shinkafa. Rogo da ɗanyen agade ake dafawa a kirɓa. Mutum biyu ne aikin: ɗaya a tsaye da doguwar taɓarya, ɗaya a zaune gaban gajeren turmi da kwanon ruwa a gefe, tana tsoma hannu tana juya curin tsakanin sauka da tashin taɓarya, tana tsince zaren rogo tana yarwa, ba ta ko kallon mai dakan, sai hira take. Hannun da taɓaryar ba sa haɗuwa. Yanzu injin kirɓawa ya shigo, akwai ma na gari a kwali, tsofaffi kuwa raina su suke yi. Ba a tauna fufu, yanka ake yi da yatsu a tsoma a haɗiye, kuma miyar ba a gefe take ba, cikinta yake iyo, ko miyar ruwa-ruwa mai barkono, ko ta gyaɗa, ko ta kwakwar manja.

A kan fufu ne maganar wa ya dafa take da ƙarfi. Gidajen abincin gari suna sa naman daji irin su gyazbi, da dodon koɗi, da ƙaguwa, wani wurin har alade, kuma cokali ɗaya ke yawo tsakanin tukwane. Saboda haka ɗan zango yana son fufu, amma a gida za a daka masa, ko ya je wurin wata Hajiya da aka sani. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne fawa a kasuwannin Kumasi yawanci a hannun Musulmi take, don haka naman saniya da na akuya ba abin fargaba ba ne. Maƙwabtanmu Kiristoci ma sun san wannan. In za su yi biki suna so mu ci, sai su kira Musulmi ya yanka musu dabbar, mu kuma ranar Layya da ƙunshin nama ake bin ƙofofinsu.

Na wasu ƙasashen kuma kowa da abin da ya riƙo. Mosawa sun kawo gero da aka murza ƙanana aka turara aka zuba cikin kindirmo mai sanyi, yara na sonsa fiye da fura. Fulani da mutanen Togo da Benin sun kawo wagashi, madarar shanu ce ake dafawa a sa ruwan tumfafiya ta daskare, a tace a soya a barbaɗa yaji. In kin gan shi za ki ce awara, amma ba waken suya a ciki, ki ɗanɗana ki ji bambanci. Zabarmawa da dambu da kwaɗon zogale, Yarbawa da amala, ganyen miyarsu ma shi ne ayoyon namu. Dagwambawa da tubani da wasa-wasa na garin doya. Daga Kodebuwa aceke ya shigo, rogo ne da aka goga aka bari ya yi ɗan tsami aka turara, ya fito warwar kamar dambu, a ci da soyayyen kifi da yankakken tumatir da albasa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya. A Abijan in aka haɗa shi da soyayyen kifin tuna ana kiransa garba, kuma mutanen can na cewa 'yan Nijar ne suka fara sayar da shi a bakin titi.

Rigimar dafa-duka tsakanin Gana da Najeriya da kike gani a intanet, mu a zango mun rasa ɓangaren da za mu tsaya. Na nan da shinkafa mai ƙamshi ake yi, naku da mai tsawo wadda aka turara tun a masana'anta, kowa na ganin nasa ne daidai. Ni tun da na ci cebu jen a hannun wata 'yar Senegal, na farfasasshiyar shinkafa da kifi da kabeji da rogo da karas da ɗan tsamiya, na daina sa baki. Su ma nasu UNESCO ta karɓa tun 2021.

Inda za ki gane cewa gida bai bar mu ba shi ne ranar taro. A gidanmu in an yi haihuwa kunun kanwa ake dama wa mai jego, ranar suna a yi tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. In an yi rasuwa masa ake toyawa a raba sadaka. Da azumi koko da ƙosai ke buɗe baki, sai zoɓo da lamurje mai citta. Ba wanda zai aurar da 'yarsa ya ce dokunu ne abincin walima, duk son da yake masa. Dafa-duka da waakye sun shiga bukukuwa, yara sun fi rububinsu, amma kwanon da za a kai wa malamai da dattawa na tuwo ne.

Tun da kin nace sai na zaɓa, waakye da safe, da ganda da shito mai yawa. In an yi ruwa gari ya yi sanyi, tuwo zafi da ayoyo. Fufu da miyar gyaɗa ranar da ba ni da aiki bayansa, don barci yake sawa. Abin da nake kewa daga wajenku kuwa gurasa ce da bandashe, da ɗanwake mai kuka sosai, da man shanu na gaske wanda aka soya da albasa. Gurasa ba za ta jure hanya ba, amma man shanu da kilishi za su iso lafiya, in kin ji mai tahowa ki ba shi. Ki gaida Kawu, ki ce masa kwalbar shitonsa na nan tafe.