Auna goga da cin sil ɗin tobin ɗin gas ba tare da tobin ba

Ƙanina, ka ce furojet ɗinka a ABU kan sil ɗin shaf ne, wato abin da ke toshe yoyon iska a kewayen sandar injin mai juyawa, kana tambaya yaya za ka auna goga da ci (zaizayewar ƙarfe) alhali babu tobin, wato injin da iskar gas mai zafi ke juyawa, a Samaru. Kwantar da hankalinka, masu binciken ma da ɗan guntu suke farawa.

Sil mai burushi nake ba ka shawara ka ɗauka, domin shi ne yake taɓa shaf kai tsaye. Wayoyinsa sirara ne kamar gashi, galibi na wani haɗin ƙarfe mai suna Haynes 25, a karkace wajen digiri 45. Ka ɗaure 'yan wayoyi tukku guda, ka danna su kan faifan ƙarfe mai juyawa da nauyin da ka sani. Lod sel, wato na'urar auna ƙarfi, zai ba ka ƙarfin jan gefe. Ka raba shi da nauyin dannawar, ka sami ma'aunin goga.

Ci kuwa shi ne mai son haƙuri. Ka wanke samfurin da asiton, wani sinadarin wanke maiƙo, ka bari ya bushe, ka auna nauyinsa kafin gwaji da bayansa. Zanen yatsa kaɗai yana iya ɓata maka awo, sai ka riƙa ɗauka da hantsaki. Sannan ka duba zurfin layin da wayoyin suka bari a faifan. Lissafin Archard na 1953 zai haɗa maka cin da nauyin dannawa, nisan goga da taurin ƙarfe.

Don Allah ka rubuta zafin wurin a kowane gwaji, saboda ƙarfe kan sauya hali idan ya yi zafi. In kuma lokacin hunturu ne, ka rufe na'urar, ƙurar Zariya za ta shiga tsakani ta ƙara cin.