Yadda za ki rage ɗacin hulba a girki

'Yar'uwa, kin ce hulba ta sa miyarki ta yi ɗaci, kuma kina tambaya ko tana ƙara ruwan nono. Yawa kika zuba. Rabin ƙaramin cokali ya ishi tukunya. Ki jiƙa ta ta kwana, ki zubar da ruwan, ko ki ɗan soya ta a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi. Kada ta yi baƙi, ɗacin ƙaruwa yake.

Batun nono kuwa, a Sudan ana dama wa mai jego kunun hulba da madara da man shanu, mata da yawa suna yabawa. Sai dai warinta yana fita a gumi.

Mai ciki ta bar shan ta. Mai shan maganin suga ya tuntuɓi likita tukuna, domin tana saukar da suga.